Tsohuwar da Ta Sa Na Kira Sunan Ɗan Farina

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma, sai dai Iya ta riga mu kama hanya. Uwar maigidana ce. Ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar yankan dawa, bayan 'yar jinyar da ba ta gajiyar da kowa ba, kamar yadda ta daɗe tana roƙo.

Kafin a gama yi mata wanka gidan ya cika har bakin zaure. Bafillatanar da ke kawo mana nono daga ruga ta sauke ƙwaryarta a gindin rumbu ta manta da ita, tana ta cewa, "Yanzu wa zan kai wa jikana ya duba mini?" Matar malamin firamare, Kirista ce 'yar kudancin Zariya, ta shigo ko ɗankwali babu, ta jawo ɗanta na tsakiya ta ɗaga hannunsa na hagu tana nuna wa mata. Ta ce, "Mama ce ta hana ni dukan hannun nan. Ta ce in bar shi ya yi rubutu da shi, cin abinci kawai zan koya wa na dama. Yau duk ajinsu babu mai rubutunsa." 'Yan'uwan Iya na ƙauye suka iso da la'asar, a ƙafa, ta hanyar daji, kayansu a kafaɗa yadda Gwarawa ke ɗauka, suka yi kukansu da yarensu. Baffa kuwa, ƙanen marigayi mijinta, wanda shi ne babba a gidan, wanda kuma ya fi kowa sa-in-sa da ita tana raye, bai zubar da hawaye ba. Ya dawo daga maƙabarta ya zauna a zaure ya ce, "To, yanzu wa zai ƙara ce mini ƙarya nake yi?"

Abin da ya karya mu duka sai da gari ya waye. Ƙananan yaran unguwa suka taho yadda suka saba, wani ba wando, wani da guntun ɗumame a hannu, suka jeru a bakin ɗakinta suna leƙe. Wata 'yar mitsitsiya ta ɗaga asabari ta ga gado ba kowa, ta juyo ta tambaye ni, "Kaka ta tafi kaɗanya?"

Mutum ɗaya ne bai samu jana'iza ba, ɗan farina. Yana Zariya a kwalejin horon malamai, cikin waɗanda aka ɗiba da gwamnati ta buɗe makarantu ko'ina take neman masu koyarwa. Direban wata babbar mota aka ba saƙo. Saboda shi nake wannan rubutu, da ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, domin in ban faɗi abin da tsohuwar nan ta yi masa ba, nan gaba za a tuna da ita da daddawa da man kaɗe kawai.

Bagwariya ce daga wani ƙauye a bayan daji. An kawo ta Tsohon Gari da aure tun kafin mutane su fara gangarowa bakin titi, kuma har ta koma ga Allah Hausarta tana da ɗanɗanon yarensu. In Baffa ya tsokane ta a kan haka, sai ta ce, "Ni ina da yarena, ina da naku, ina ciniki da Fulani da nasu. Kai guda ɗayan da kake da shi, me ka taɓa faɗa da shi mai amfani?"

Sana'arta daddawa da man kaɗe, amma aikinta na gaskiya kallon yara. Hannunta yana cikin kalwa, idonta yana kan duk wani abu mai rarrafe a tsakar gida. Ban taɓa ganin mutumin da yara ke ba sha'awa kamarta ba. Sai ta bar tukunya tana tafasa don ta ga yadda jaririya ta gano cewa ƙafar da take kamawa tata ce. Ita ta fara nuna mini cewa yaro in ya faɗi, fuskar uwarsa yake dubawa kafin ya san ko kuka zai yi. Saboda haka in ɗa ya yi tuntuɓe, sai ta kawar da kai ta kama waƙa, shi kuma ya karkaɗe jikinsa ya tashi. Ita ta ce mini kada in damu in yaro ya rage gwalantu lokacin da yake koyon tsayuwa, hankalinsa ne ya sauka ƙafa, zai dawo baki in ya gama. Na gwada a kan 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, haka ɗin ne.

Ba ta gyara wa yaro magana. In ya ce "dudayi", sai ta ce, "Ludayi kake so? Ga ludayi," ta miƙa masa. Amma da ya juya baya sai ta ɗauki kalmarsa ta adana. Har yau a gidanmu manya da furfura "dudayi" muke cewa, mota kuma "tota", baƙo ya yi ta kallonmu. Ta san wanda ya ƙirƙiro kowace, kuma ranar aurensa sai ta tuna masa a gaban jama'a. 'Yan matan gidan duk ta koya musu ɗaukar kaya iri biyu. Takan ce, "A ka don garin ubanku, a kafaɗa don in kun je garinmu kada a ce ban yi aiki ba." Ba ta fara su da tulu. Ɗan ƙoƙo take ba su da ruwa rabi, ta bi su a baya tana yi kamar ba ta ga wanda ya zube ba.

Tana da nata halin, kada a ce na mai da ita waliyyiya. In ta ga abu daidai ne, ko liman ne a gabanta ba ta sassauta murya. Kuma ba ta iya ganin uwa ta ɗaga wa ɗa hannu ba ta sa baki ba, ko a kasuwa ne, ko ba ta san matar ba. Sau da yawa maigidana ya je ba da haƙuri a gidajen da bai san hawa ba bai san sauka ba.

An haifi ɗan farina a daminar da ta biyo bayan saukar da tutar Turawa. Na yi masa kunya yadda uwata ta yi wa yayana, yadda kowace 'yar mutunci take yi. Ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa, ba na yi masa magana a gaban mutane, kuma a gida irin namu ba a rasa mutane. In zan ba shi abinci sai in ce, "A miƙa wa yaron can." Mata suna yabona, ni kuma ina jin daɗin yabon. Da aka yaye shi ya koma ɗakin Iya, ta mai da shi mijinta na wasa, tana yi masa tsiyar bai kawo cefane ba.

Ya yi rarrafe a kan lokaci, ya yi tafiya a kan lokaci. Magana ce ta ƙi zuwa. Sa'o'insa suna aike, suna zagi, suna kawo tsegumi, shi kuwa sai nuni da yatsa. Har na haifi ƙanwarsa ta fara "ta-ta-ta", shi shiru. Aka fara raɗa. Wasu suka ce kurma ne. Iya ta ce ƙarya ne, shi yake fara jin ƙugin mota daga kan titi kafin kowa, ya ruga bakin zaure. Wasu suka ce bebe ne. Wata maƙwabciya ma ta fara kiransa da haka a bainar jama'a, sai da Iya ta bi ta har gida. Ni kuwa abin yana cina, amma ko a fuska ba ni da damar nunawa, don uwa ba ta damuwa da ɗan fari a gaban mutane. Ubansa ma haka. In an tayar da zancen sai ya saɓa fartanya ya yi gona.

Baffa ne ya yanke shawara. Ya ce linzami ne, wato jijiyar nan ta ƙarƙashin harshe ce ta ɗaure shi, a kira wanzami ya yanke. A unguwarmu an taɓa yi wa wani yaro, ya yi ta zubar da jini har aka fid da rai, da ya tashi kuma ko nono tsoro yake ji.

Ran kasuwa wanzami ya zo, ya shimfiɗa zabirarsa a zaure. Ina bayan ƙofa ina leƙe ta kafar kara. Iya ta fito da yaron a kafaɗa, da ɗan ƙoƙon zuma a hannu, ta zauna ta ɗora shi a cinya. Ta ce, "Bari mijina ya ɗan lasa tukuna, ba a yi wa mutum aiki da yunwa." Ta lakato zumar, maimakon ta sa masa a baki, sai ta shafa masa a saman leɓe, dab da hanci. Yaro ya zaro harshe ya lashe tas, har yana neman ƙari. Ta sake shafawa a haɓa, ya sake lashewa.

Ta dubi wanzamin. "Kai ka san aikinka. Wannan harshen ne a ɗaure?"

Mutumin kirki ne, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Iya, wannan in na ƙara masa tsawo ai goshinsa zai riƙa lasa." Ya naɗe zabirarsa.

Ran Baffa ya ɓaci. Ya ce, "To ke ce kika rikita shi. Yau Hausa, gobe yaren Gwari, ina yaro zai san wanda zai kama? Ga shi kullum kina yawo da shi cikin daji, wa ya san abin da ya gani?"

"Ƙarya kake yi," in ji Iya. "Ni da na tashi da yare uku, wa ya fi ni surutu a gidan nan?"

"Na ji. Amma in lokacin tsintar kaɗanya ya ƙare bai yi magana ba, Damari zan kai shi, wurin wanda ba ya tsayawa kallon zuma. Kuma daga ranar ya bar ɗakinki."

Washegari da asuba Iya ta tsaya a bakin ɗakina ta ce in ɗauko kwando in bi ta kaɗanya. Na yi mamaki, don ban taɓa jerawa da ita a hanya ba, surukata ce. Farkon damina ne, ciyawa ta fara kai ƙauri, raɓa tana jiƙa zane. Na goya jaririya, ita ta saɓa yaron. Muka wuce gonaki, muka tsallake ɗan rafin da ke bakin daji, muka shiga inda itatuwa suka haɗe, birai suna ta tsalle a sama. Ta sauke shi a gindin wata kaɗanya, ya kama tsintar 'ya'yan yana tarawa. Sai ta matso kusa da ni.

"Kin san abin da yake yi in kina yi wa ƙanwarsa tawai?"

Na sunkuyar da kai.

"Ajiye komai yake yi ya zuba wa bakinki ido. Ko ƙiftawa ba ya yi. Shekaranjiya na same shi a bayan rumbu ya rungume ɗan akuya yana jijjiga shi yadda kike jijjiga ta. Na laɓe na kasa kunne. Waƙarki yake yi, can ƙasa-ƙasa, babu abin da ya bari. Na gaya wa Baffanku, ya ce tsufa ne ya fara sa ni jin muryoyi. Yaron nan yana da magana, ɗiyata, ajiye ta yake yi. Duk gidan nan kowa ya kira shi, har Bafillatana mai nono. Mutum ɗaya yake jira."

Na ce, "Iya, ai da kunya."

"Na sani. Ni ma da na shigo cikinku an koya mini ita, na kuma riƙe. Abu ne mai kyau. Amma tsakaninki da manya take, shi bai san da ita ba. Abin da ya gani kawai, kina yi wa kowa magana a gidan nan, har kaji, ban da shi." Ta ɗauki kwandonta. "Nan daji ne. Babu Baffa, babu maƙwabta. Ni ma in mun tsallake rafin can ba surukarki ba ce, wata tsohuwa ce mai tsintar kaɗanya. Kira shi."

Ta juya mini baya ta yi gaba tana waƙa da yarensu, da ƙarfi, don in san ba ta saurare.

Ban iya ba. Wallahi na buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Ni da na ga an yanka ragonsa, ban taɓa furta shi ba ko a cikin ɗakina. Muka dawo gida. Da asuba sai ga ta kuma a bakin ƙofa. Haka muka yi ta zuwa, kaɗanya tana raguwa a ƙasa, Baffa yana tambayar direbobi ranar da mota ke zuwa Damari. Tsohuwar nan mai faɗa da liman ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta yi mini yadda take yi wa 'yan mata da ƙoƙon ruwa, tana bina a baya tana yi kamar ba ta ga wanda ya zube ba.

Wata safiya yana tsugune ya ba ni baya, yana kallon jerin gwano suna tsallake hanya. Na dubi ƙeyarsa, na tuna da zabirar wanzami. Sai kawai na ji sunan ya fito, da wata murya kamar ba tawa ba.

Bai juyo nan da nan ba. Bayansa ne ya sandare. Sannan ya waiwayo a hankali, ya duba bayana, ya duba gefena, yana neman wanda ya yi kiran. Da ya ga ba kowa sai ni, ya miƙe tsaye. Na sake kira.

Ya ce, "Na'am."

Muryar 'yar ƙarama ce, a dishe. Na zauna a cikin raɓa da goyo a bayana. Na ce, "Me kake kallo?" Ya nuna da yatsa yadda ya saba, sannan ya dubi bakina ya ce, "Gwano." Can nesa waƙar Iya ta tsaya, sannan ta ci gaba.

Ba zan ce kiran nan ne ya buɗe bakinsa ba, Allah ne ya san abin da ya ɗaure da abin da ya kwance. Iya ma ba ta taɓa cewa magani ta yi ba. Kuma maganar ba ta zubo rana ɗaya ba, ɗiga ta riƙa yi. Abin da na gani da idona shi ne ya raba yarukan da aka ce sun rikita shi ba tare da kowa ya koya masa ba. Iya yaren Gwari, ni Hausa, bai taɓa kuskure ba. A gida na koma kunyata, shi ma ya gane. Ba ya matso ni a tsakar gida. Amma da mun tsallake rafi sai ya kama bakin zanena ya ɓalle da surutu, duk abin da ya tara tun jiya.

Kafin kaɗanya ta ƙare, wata safiya Baffa yana alwala a ƙofar zaure, yaron ya je ya durƙusa ya ce, "Baffa, ina kwana?" Buta ta suɓuce daga hannun dattijo. Iya tana tankaɗe, ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "To, a aika Damari a kira mutumin ya zo ya ɗinke bakin." Bayan shekara guda Baffa da kansa yake roƙon a mayar da yaron yadda yake, mutane su samu su yi barcin rana.

A cikin jinyarta ta ƙarshe, ina shafa mata man kaɗe a ƙafa, ta ce mini, "Mijina in ya zo ya tarar ba na nan, bayan rumbu zai koma, ya ajiye maganarsa kamar da. Kin san abin yi. Amma yanzu ya fara gemu, ba zai bi ki kaɗanya ba. Inda yake, nan za ki yi." Na ce ta daina irin wannan zance. Ta ce, "Ƙarya kike yi, kin ji ni sarai."

Ya iso washegarin jana'iza da la'asar, jikinsa duk jar ƙasar hanya. Ya wuce zaure, ya wuce kowa, ya zauna a bakin ɗakinta ya jingina da bango. Maza suka yi ta shigowa suna cewa, "Ya haƙuri?" Sai ya ɗaga kai ya dube su, leɓensa ya motsa, babu abin da ya fito. Wannan yaron da ake shirin ba aji guda ya koyar. Bai ci ba, bai yi kuka ba, bai ce uffan ba. Aka kwana aka tashi yana nan.

Ranar sadakar uku gidan ya cika da mata, har ba wurin taka ƙafa. Ina tsakar gida ina rabon gumba. Baffa ya leƙo daga zaure, ya dubi yaron, sannan ya dube ni, ya daɗe yana dubana, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan. Na ajiye ƙwaryar. Babu rafi, babu itatuwa, babu tsohuwar da za ta juya baya ta kama waƙa. Na share hannuna a zane, na kira sunan ɗana da ƙarfi, yadda na bayan gida ma zai ji.

Mata suka juyo gaba ɗaya. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "A'a! Ɗan fari?"

Ya ɗago kai. Wannan karon bai duba bayana ba.

"Na'am, Inna."

Sai kukan ya zo masa, irin na yaro ƙarami. Na ratsa cikin mata na je na zauna kusa da shi a bakin ɗakin, a gaban kowa, ya yi ta ba ni labarinta har rana ta faɗi, rabi da Hausa, rabi da yaren da ba ni da wanda zai fassara mini yanzu.

Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta. Ya Allah, ranar da za ka kira kowa da sunansa, ka kira ta a hankali yadda take kiran yara, ta ce na'am ba tare da tsoro ba.